Abin Da Mainasara Magini Ke Yi a Bakin Rami

A kasuwar Gummi na fara jin maganar, wajen masu kifi, daga bakin wata mata da ba ta san ni ba. Wai akwai wani magini a Tungar Kirya, can ƙasar Anka, wanda bai taɓa koyon gini wurin kowa ba. Wai Allah ne ya zuba masa sana'ar a hannu rana ɗaya don ya gina masa ɗakuna. In ya je bakin ramin ɗibar ƙasa sai ya durƙusa, ya juya wa jama'a baya, ya ɗebi ƙasar ya kai fuska yana motsa baki, nan take a sanar da shi ko ta dace da masallaci ko ba ta dace ba. Kuma wai yanzu Mai abu ya karɓi abinsa, hannun dama ya langaɓe daga wuyan hannu, ko kofi ba ya riƙewa.

A motar Anka aka ba ni labarin da wata riga, aka ce aljani ne ke masa raɗa. A wani taron suna a Bukkuyum kuma aka ce wani baƙo mai fararen kaya ne ya shafa masa tafin hannu a bakin gulbi. Mutum ɗaya, labari uku. Na yi shekara talatin da huɗu ina koyarwa, ban taɓa ganin yaron da ya kwanta bai san biyu da biyu ba ya tashi da lissafi. Na ce wannan kam sai na gani da idona, tunda gwiwa ba ta gama ƙin tafiya ba tukuna.

Sunansa Mainasara, shekarunsa sun haura saba'in. In an sallame sallar asuba kowa ya watse, shi ba ya tafiya gida. Yakan zaga masallaci yana shafa bango da tafin hagu, a hankali, kamar makiyayi na duba shanunsa. Inda ya ji tsaga ya tsaya, ya zana da farce. Ya leƙa indararo ko tsuntsu ya yi sheƙa. Sannan ya koma gida ya sha koko, ya ɗaura wa jaki mangala, ya nufi fadama. Haka yake yi fiye da shekara arba'in. Na tambayi dattawa, muka ƙirga masallatai tara da makarantun allo shida da suka fita daga hannunsa, tun daga wajen Bagega har ƙauyukan Bukkuyum, duk na ƙasa, duk da rufin bakan gizo da azara, kuma babu wanda rufinsa ya taɓa zubowa kan masallata. Na shiga huɗu daga ciki. A tsakiyar Afrilu, ana zafin da ke narka kitse, cikinsu sanyi kamar randa.

Liman Ubaidullah, limamin Tungar Kirya, shi ya ba ni labarin da ya haifi duk sauran labaran. Kowa a ƙasar nan ya san shekarar 2010, shekarar da yara suka yi ta mutuwa da gubar dalma. Kafin ita, ana kawo dutsen zinariya cikin gari, a niƙa a injin, a wanke a kududdufi. Kududdufin nan kuwa shi ne ramin da garin ke ɗibar ƙasar gini tun kaka da kakanni. Da rani ya yi, aka tashi sabunta daɓen makarantar allo da yaɓen masallaci.

Liman ya ce, “Munka tahi bakin rami da shi. Yad durƙusa yadda ya saba, yat tashi, yac ce wagga ƙasa ba ta shiga masallaci. Munka ce, Magini, ƙasar da kakanninmu sunka yi gini da ita? Yac ce ta canza. Munka ce mi yac canza ta? Yay yi shiru.”

“Sai kuka yarda?” na ce.

“Ina hwa, Malama! Munka ce tsuhwa ta kama shi. Wasu sunka ce baƙin ciki na, don ba shi da rabo ga zinariya. Kwana arba'in shina jigilar ƙasa daga hwadama da jaki biyu, mutane na mai dariya.”

Bayan shekara masu awon dalma suka iso da na'urarsu, suna ɗora ta a ƙasa gida-gida. Kusan ko'ina sai da aka kankare ƙasar saboda guba. Daɓen makaranta da na masallaci ne kawai suka fito da tsabta. Cikin makonnin da aka yi kafin aikin kankara ya kai kowane gida, nan mata suka riƙa kawo masu rarrafe su wuni, domin babu wani daɓe a garin da uwa za ta ajiye ɗanta hankalinta kwance.

Masu ba da labari sukan ƙara da cewa ko ɗalibi ɗaya na makarantar bai mutu ba. Na bincika, haka ne. Amma yawancin waɗanda gubar ta ɗauke ba su kai shekarun riƙe allo ba, don haka wannan ba hujja ba ce, kada a ruɗe mu. Cikin waɗanda suka tafi har da jikar Mainasara ta cikinsa, Kausar, mai shekara biyu. A nan kaina ya fara ɗaurewa. In sanar da shi ake yi, don me aka sanar da shi daɓen makaranta, ba a sanar da shi tsakar gidansa ba?

Matarsa Hure ta karɓe ni da fura mai kyau da fuskar da ba ta son tambaya. A zauren gidan na ga ledoji jere, kowace da ƙasa a ciki, an ɗaure baki. Na ce na mene ne. Ta ce mutane ke kawowa daga garuruwan masu haƙo, duk wanda zai gina ɗaki ko ya yi daɓe, Malam ya duba masa. Wata rana biyar, wata rana goma. Yakan ɗauka ya juya baya ya yi abin da ya saba, ya ce wannan a yi, wannan a bari.

Na ce, “To hannun fa, kun kai shi asibiti?”

Ta ce, “Malama, abin da Allah ya ba mutum ya amshe, likita za shi maido shi? Ai rashin godiya na.”

“Ciwon cikin da na ji yana yi fa? Da mantuwar?”

“Duk cikin amsar na. Haka Liman yac ce, haka kowa yac ce.”

Na koma Gummi da tambaya huɗu, ni da na fita da ɗaya. Sai na nufi gidan Rifkatu, ƙawata tun muna 'yan mata a kwaleji, mutuniyar Zuru, Kirista, nas ce da ta yi ritaya, kuma ta yi aiki a sansanin masu gubar dalma a wancan lokacin. Na je ne don ta taya ni ƙaryata labarin. Sai ta yi mini akasin haka.

Ta ce, “Luba, ke dai ba ki yarda da komai sai an kawo miki rasit. Mu ma muna da irinsa. Lokacin da Annabi Musa ya fito da jama'arsa daga Masar, Allah ya ce a yi masa alfarwa ta ibada. Sai ya kira wani mai sana'a da sunansa, ya cika shi da ruhunsa, ya iya aikin zinariya da tagulla da sassaƙar dutse da itace. Malamanmu sukan ce a lura, mutumin da aka fara cewa an cika shi haka ba annabi ba ne, ba sarki ba ne, mai aikin hannu ne.”

Na ce, “Wato rana ɗaya ya iya?”

Ta yi dariya. Marigayi mijinta malamin makarantar horon fastoci ne, mai son karanta sharhin malaman Yahudawa, kuma ta ce a kan wannan tambayar su ma ba su zama baki ɗaya ba. Wasunsu suka ce mu'ujiza ce tsantsa, domin mutanen nan bayi ne, kwaɓa laka da buga tubali kaɗai suka sani, ina suka taɓa riƙe zinariya? Wasu suka ce a'a, a duba da kyau, waɗanda ke da hikima a zuciya tun farko su aka ƙara wa, kamar mai sayar da mai da ke shinshina kwalba, in ya ji ƙanshin mai ya zuba mai, in ya ji na kalanzir ya ajiye ta.

Na ce, “To wanne ne gaskiya?”

“Sun yi ɗaruruwan shekaru suna ja, ke kina so in raba miki kafin la'asar? Abu ɗaya dai ba su yi gardama a kansa ba. An sa wa mutumin a zuciya ya koya wa wasu. Naku ya koya wa wani?”

Na tuna mu ma an gaya mana Allah ya tausasa wa Annabi Dawuda ƙarfe, amma duk da haka an umarce shi ya auna zoben sulke da kyau. An ba shi, kuma an ce ya auna. Ina cikin wannan tunani Rifkatu ta ajiye kofinta.

“Kin ce hannun ya langaɓe? Nuna mini yadda yake.”

Na saki hannuna daga wuya, yatsu suna kallon ƙasa. Fuskarta ta canza. Ta ce, “Ciwon ciki? Mantuwa? Luba, gobe da safe za mu.”

Muka same shi zai tafi fadama, muka ce za mu bi shi. Ya dube mu, tsofaffi biyu da lema, ya ce, “Jakina ɗaya na, ba ya ɗaukar hajiyoyi.” Rifkatu ta ce ita ba hajiya ba ce. Ya ce, “To ke kya hau.” Muka tafi a ƙasa mu duka uku, jakin ne kaɗai ya huta.

A bakin rami na yi rashin kunyar da shekaru suka ba ni lasisi. Da ya durƙusa ya juya baya, maimakon in tsaya inda kowa ke tsayawa, sai na zagaya na tsaya gabansa. Ya ɗebi ƙasa da yatsun hagu, ya kare fuska da hannun riga, ya ɗora ta a harshe. Ya juya ta a baki, idonsa rufe. Ya tofar a gefe, ya rufe da ƙafa. Da ya buɗe ido ya gan ni, sai ya zauna daɓas.

“Kin gani,” ya ce.

“Na gani, Magini. Ba addu'a kake ba?”

“Ina yin bisimilla dai, awa kowa in za shi ci abinci.”

Rifkatu ta tsuguna da ƙyar, ta ce ya buɗe baki. Ta ɗaga leɓensa, ta nuna mini wani siririn layi mai duhu a dasashi, daidai gindin haƙora. Ta ce alamar dalma ce.

Ya yi magana a hankali, yana tsayawa yana laluben kalma. Ya ce ƙasa mai kyau tana kama harshe, mai yashi tana ƙaras-ƙaras a haƙori, mai kanwa tana da ɗan gishiri kuma ita ke cin gindin bango. Ta kududdufi kuwa, a wancan ranin, ya ji ta da wani zaƙi-zaƙi kamar an tsotsi ƙarfe, ɗanɗanon da bai taɓa ji ba. Bai san sunan dalma ba a lokacin. Ya dai san ba zai sa goshin mutane a kan abin da bai gane ba.

Na ce, “Don me ba ka faɗa musu yadda ka sani ba?”

“Malama, wa ka cin ƙasa garin nan? Mai ciki. In ce ma Liman da dattawa, ni Mainasara, na ɗanɗana? Har ɗiyana sai an yi musu waƙa. Tun ina saurayi nike ɓoyo. Mutane sunka ga ina kai hannu huska, sunka ce addu'a ta, ni ko na ƙyale su.” Ya dubi ramin. “Na ce musu ta canza. Da na hwaɗi yadda na sani, ko da sun duba ta tsakar gida. Ko da Kausar... ban sani ba.”

Ni ma ban sani ba, har yau. Na juya maganar nan sau ba adadi. Mai yiwuwa da ya faɗa da dariyar ce kawai za ta ƙaru. Mai yiwuwa da wata uwa ɗaya ta ji tsoro ta ɗauke ɗanta daga ƙasa. Ba ni da ma'aunin da zan auna wannan.

Na tambaye shi wa ya koya masa. Ya faɗa mini, yana murmushi karo na farko.

Da wuya muka shawo kan Hure. Ta ce to in an ji, mutuncin gidan fa? Rifkatu ta ce, “'Yar'uwa, kowace leda da ke zauren nan, cokali ɗaya ne na guba. Kina so ki ci gaba da zama matar waliyyi, ko kina son mijinki ya kai baɗi?” Hure ta ɗauki tsintsiya kamar za ta kore mu, sai ta wuce zaure ta fara kwashe ledojin tana kuka tana faɗa.

“Shekara hamsin ina ba ka tuwo, ashe ƙasa kaka so! Da ka hwaɗi ai da na huta da daka!”

Liman Ubaidullah muka je wa daga ƙarshe, domin in bai sa baki ba 'ya'yan ba za su ɗauki uban zuwa asibiti ba. Na zaci zai ji kunya ko ya yi fushi. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, “To, Malama, kin gano harshe na. Wa yab ba shi harshen? Ni ma ina da harshe, in kin ba ni ƙasa duk ƙasa ta.”

Na zo in rushe labarin baiwa, ga shi na rushe, kuma ga shi tsaye. Amma Liman ya ƙara da abin da ya fi amfani. Ya ce wanda ya ba da harshe shi ya ba likita sani, a kai shi. Kuma ranar Juma'a ya yi shela a daina kawo ƙasa gidan Magini.

Mainasara, yanzu da kai nake. Ka ba ni izinin in rubuta wannan, ka ce in an yi dariya a yi, ka tsufa da jin kunya. Kai ne ka yi kwana arba'in bayan jaki, ana nuna ka da baki, don kada goshin da ya yi sujada ya taɓa abin da ba ka amince da shi ba. Kai ne ka yi daɓen da ya zama shimfiɗar jariran gari a lokacin da tsakar gidan kowa ta zama abin tsoro. Kai ne ka karɓi ledar kowane baƙo ka sa a bakinka, fiye da shekara goma, bayan ka riga ka ji sunan abin da ke ciki, domin ba ka iya cewa mutum ya je ya gina wa 'ya'yansa ɗaki a kan shakka. Na tambaye ka ko ba ka san tana cin ka ba, ka ce ka zaci tofarwa ta isa. Ginshiƙin soro, ba a ganin ka sai an ɗaga kai.

Ban san sunan da zan ba abin da ke tare da kai ba. Rifkatu ta ce ruhu ne, Liman ya ce baiwa ce, ni malamar makaranta ina cewa koyo ne da shekara sittin na maimaitawa. Wataƙila kwalbar ce ta zo da ƙanshinta aka cika ta. Wataƙila mu duka uku muna shafa bango ɗaya ne, kowa daga gefensa. Abin da na tabbata shi ne mun gode. Allah ya saka maka, ya ba ka lafiya, ya jiƙan Kausar da sauran yaran waccan shekarar.

Ku kuma magina masu tasowa, na ga wasunku suna durƙusawa a bakin rami suna motsa baki don su yi kama da shi. Ku tashi, ba nan abin yake ba. Kuma don Allah kada wanda ya karanta wannan ya kai ƙasa bakinsa. A nemi ma'aikatan lafiya su auna ta. Ku je ku zauna gabansa tun yana iya tunawa, ya nuna muku yadda ake tada bakan gizo da yadda ake jera azara, ya ce yanzu zai koya wa duk wanda ya zo. Abin da za ku ɗauka daga gare shi shi ne ƙin sa abin da ba ku yarda da shi ba a ginin da mutane za su shiga, ko da gari duka na dariya. Abin da za ku bari shi ne ɓoye yadda kuka sani.

Mainasara ɗan Adama mai tukwane ne. Ita ta koya masa ɗanɗana yumɓu yana ɗan shekara bakwai, gini kuma ya yi shekara tara yana koyo wurin ƙanenta. A bakin rami ƙasa yake ɗanɗanawa. Ranar Talatar da ta wuce aka auna jininsa a asibiti a Anka, aka sami dalma. An fara ba shi magani. Likita ya ce ciwon cikin zai lafa, hannun kuma ba lalle ya dawo ba.